Tukwanena a Kan Sikelin Orest

Sunana Nettie Zaluski, shekarata saba'in da huɗu, kuma ban taɓa jefa kowa cikin rami ba. Na fara da wannan ne don shekara guda cur mutanen garin Vesna suka yi suna faɗin akasin haka, wasu a bayan idona, wasu kuwa ko kunyar idona ba sa ji.

Kowace shekara, idan watan Yuli ya kama, mukan tafi wani tafki can arewa mu yi mako biyu, ni da 'yata Lorraine da mijinta Garth da karensu Bruno. Garth yana da a-kori-kura, yana kuma da tirelar kwana, irin ɗakin nan mai tayoyi da ake maƙala wa mota a baya, da gado da banɗaki da ɗan murhu a ciki. Murhun nan ko ƙwai bai iya soyawa ba. Shi ya sa nake tafiya da tukwanena na baƙin ƙarfe, guda huɗu da babban kasko ɗaya, waɗanda na gada wurin mahaifiyata. A waje nake girki, kan wutar itace. Shekara goma sha ɗaya muna haka, ban taɓa jin wani ya ce tukwanen sun yi nauyi ba, musamman lokacin da ake tsamo soyayyen kifi daga cikinsu.

Bara muna kan kwalta, mun yi kamar awa biyu da barin gida, wata babbar motar hatsi ta wuce mu da gudu. Sai tirelarmu ta fara kaɗa gindi. Hagu, dama, hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya. Garth ya danna birki, abin ya ƙara lalacewa. Ban ankara ba sai ga mu cikin ramin gefen titi, ciyawa har tagar mota, tirelar ta kishingiɗa kamar saniyar da ta ƙoshi. Ba wanda ya ji ciwo. Bruno ne kawai ya yi amai a kan takalmina.

Ƙofar tirelar ta ɓalle, kaya sun watse a ciyawa. Mutumin da ya zo da motar janye mu ya sunkuya ya ɗaga babbar tukunyata da hannu biyu, ya yi nishi, ya ce, “Wannan tukunya ce ko injin tarakta?”

Wasa yake yi, bawan Allah. Amma na ga idon Garth ya yi haske. Mutum ne da ya jefa matarsa da surukarsa a rami yana neman wanda zai ɗora wa, sai ga tukunya ta kawo kanta.

Kafin mu dawo gida labari ya riga mu. A shagon Wally, inda tsofaffin garinmu ke zama kowace safiya suna shan kofi suna gyara duniya da baki, aka sa mini suna Baba Tan-Ɗaya, wai tukwanena sun kai tan ɗaya. Na shiga sayen burodi, Wally da kansa ya ce a riƙe kantar shagon kada ta karye. Ranar Lahadi a ƙofar coci wata ta tambaye ni ko gaskiya ne da murhun gidana na ƙarfe na tafi. Matar da na yi wa girkin bikin 'yarta, kwana biyu a tsaye.

Na haɗiye. Ban iya haɗiya ba, amma na haɗiye, saboda Lorraine.

Bana kuma, saura mako guda mu tafi, Garth ya shigo kicin ɗina da takarda a hannu. Ya ja kujera ya zauna, ya ɗauki pirogi biyu, 'yan dunƙulen fulawar nan masu cushen dankali da nake yi, daga faranti ba wanda ya ce masa bismilla.

“Baba,” ya ce, don haka yake kirana kamar yadda jikoki ke yi, “bana mun yi tsari. Kowa kilo ashirin na kaya. Tukwane kuma za su huta a gida.”

“Wa ya yi tsarin?”

“Ni da Lorraine.”

Na dubi Lorraine. Tana tsaye bakin taga tana kallon wani abu mai muhimmanci a jikin labule.

“To da me zan yi girki?”

“Akwai murhu a tirela. Na sayo miki tukwanen alminiyon masu kyau, marasa nauyi.”

“Ka ajiye su ka riƙa ba Bruno ruwa.”

Ya yi murmushin nan nasa na wanda ke magana da ƙaramin yaro. “Ki gane, Baba, lissafi ne. Motata tana iya jan kilo dubu huɗu da ɗari biyar, haka aka rubuta a takardar talla. Tirelar kuma, in babu komai a ciki, dubu biyu da ɗari biyar ce. Kin ga ina da sarari sosai. Ba daga wajena matsalar take ba.”

“Sararin nawa?”

“Dubu biyu.”

“Kana da sararin kilo dubu biyu, amma tukwane biyar suka cika shi?”

Ya tauna pirogin a hankali. “Ba za ki gane ba. Abin yana da zurfi.”

Aji uku na yi a makaranta, mahaifina ya cire ni don aikin gona, ban kuma ɓoye wa kowa wannan ba. Amma na yi shekara arba'in ina loda hatsi a mota tare da marigayi mijina, na kuma san idan mutum ya ce abu yana da zurfi, shi ma bai ga ƙasansa ba.

“Idan ban bar su ba fa?”

“To sai dai ke da su ku zauna tare,” ya ce, yana dariya don a ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne. Lorraine ta ce, “Garth,” a hankali, iyakar abin da ta iya ke nan.

Washegari na tafi rumbun hatsi na gari wurin Orest Hrycan. Shi ke kula da babban sikelin da motocin manoma ke hawa, tun ina da ƙarfin hawa tsani. Mutum ne marar son hayaniya, siriri kamar sanda, ba ya cewa komai sai ya ga allura ta tsaya.

“Orest, sikelinka yana ƙarya?”

“Hukuma ta duba shi a watan Afrilu.”

“Zai iya auna tirela?”

“Zai iya auna giwa, in kin samo.”

“Ranar Asabar da safe zan kawo maka surukina.”

Ya cire tabarau ya goge. “Nettie, shi ya sani?”

“Zai sani.”

Daga nan na wuce shagon Wally. Na tarar da su biyar a teburinsu na kullum. Na ce musu Garth ya ce a shirye yake a auna kayansa a gaban kowa ranar Asabar, ƙarfe takwas, don a tabbatar da laifin tukwanena. Garth bai faɗi haka ba. Na yarda ƙarya ce, kuma ita kaɗai ce tawa a cikin wannan labarin, ku kwatanta da tasa da ta yi shekara tana yawo.

Ranar Asabar, ranar tafiyarmu, na tashi da wuri, na wanke tukwanen na shafa musu mai, na jera su a baro. Daga gidana zuwa rumbun hatsi layi huɗu ne. Na tura baron nan ta tsakiyar babban titi, murfuna suna ƙara, ban kauce wa kowa ba. Da na isa na tarar da mutanen Wally sun riga ni, kowa da kofinsa a hannu, sun jingina da shinge kamar ranar gwanjon shanu.

Hanyar fita gari ta gaban rumbun take bi, ba wata. Takwas da 'yan mintoci sai ga a-kori-kurar Garth tana tafe da tirela a baya. Da ma na gaya wa Lorraine a nan za su ɗauke ni. Ya tsaya ya sauke gilashi, ya dubi baro, ya dubi mutanen.

“Me ake yi a nan?”

“Kai muke jira, jarumi,” in ji Wally. “An ce ka ce a auna.”

“Ni na ce?”

“Ko ka fasa ne? In ka fasa ba komai, sai mu koma mu ce ka fasa.”

Garth ya juya ya dubi Lorraine. Ta ce, “Minti goma ne, ka hau kawai.” Kunnuwansa suka yi ja, amma ya ja motar ya hau.

Orest ya fara da tukwanen. Ya ce babban sikeli ba ya jin ƙaramin abu, sai ya kai su kan wanda ake auna buhunan iri. Ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya, har kasko da murfuna.

“Arba'in da uku.”

“Tan arba'in da uku?” in ji wani tsoho Metro, da ba ya ji sosai.

“Kilo, Metro. Buhun iri ɗaya da ɗan ƙari.”

Wally ya leƙa cikin kofinsa.

“Ba a nan take ba,” in ji Garth. “Ƙarfe ne, nauyinsa a dunƙule yake.”

“Kilo arba'in da uku na auduga ma haka yake,” Orest ya ce. “Kwance tirelar, ka bar ta ita kaɗai a kan sikeli.”

Garth ya sauke jak, ya kwance ƙugiya, ya matsar da mota gaba. Orest ya shiga ɗan ɗakinsa, ya fito da tikiti.

“Dubu uku da ɗari uku da arba'in.”

“Ka gani?” Garth ya buɗe hannuwa yana duban mutane. “Motata tana jan dubu huɗu da ɗari biyar. Ina laifina?”

Orest ya ajiye tikitin. Ya zagaya gefen tirelar, ya sunkuya, ya goge wata 'yar farantin ƙarfe da babban yatsa. “Zo ka karanta wannan. Motarka tana iya ja, na ji. Tirelar fa, nawa aka ce tayoyinta su ɗauka, ita da kayanta gaba ɗaya?”

Garth ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye.

“Da ƙarfi, ɗana,” na ce. “Metro ba ya ji.”

“Dubu uku da ɗari biyu.”

“Ka haura da ɗari da arba'in,” in ji Orest.

“Tukwanena kuma ga su can a baro,” na ce. “Ko daga can suke danna ta?”

Mutanen suka yi dariya, amma ban saki fuska ba, don su ne dai suka yi mini dariya bara. Dariyarsu ba ta da ubangida.

Na ɗauka an gama. Orest kuwa bai gama ba, yana zagaya tirelar yana kallon bayanta. Tun bara Garth ya sa mai walda ya haɗa masa wata babbar kariya, wato maɗorin kaya na ƙarfe, a can ƙarshen tirelar. A kanta akwai janareto, da jarkar fetur biyu, da itacen wuta an jera shi har kusan taga, an ɗaure da igiya.

“Tankin ruwanka yana ina?” Orest ya tambaya.

“A baya, ƙarƙashin banɗaki.”

“Cike?”

“Cike mana. Lita ɗari da sittin.”

“Tafki za ka, Garth,” in ji Wally. “Ko an ce maka ya ƙafe?”

“Ruwan can yana da wani ɗanɗano.”

“Daji kuma za ka da itace,” Wally ya ƙara.

Orest ya sa aka ja tirelar baya har tayoyinta suka sauka daga sikeli, ya rage jak ɗin gaba kaɗai a kai. Ya ce yana son ya ga nauyin da wuyan tirelar ke ɗora wa mota, wato ƙarfen nan na gaba da ke zama kan ƙugiya.

“Ɗari da saba'in.”

“Da kyau ke nan,” in ji Garth. “Bai danne motar ba.”

“Da muni ke nan. Ko kusa bai kai ba. Ana son wuyan ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela, ko fiye da haka kaɗan. Naka ya kamata ya haura ɗari uku da talatin.” Orest ya jawo barona ya kama hannuwansa. “Nettie, in kika tara kaya a can gaban taya, me hannunki zai ji?”

“Ba zai ji komai ba, baron ne zai riƙa kai ni inda ya ga dama.”

“To haka tirela take. Kaya a bayan tayoyi, wuya ya yi sako-sako, iska kaɗan ta taɓa ta sai gindi ya karɓi tuƙi. Me ya sa ka tara komai a baya?”

Garth ya sosa ƙeya. “Bayan motar ne yake zama ƙasa, fitilu suna kallon sama. Sai na ga in na mayar da nauyin can baya, motar tana miƙewa.”

“Ta miƙe kuwa,” in ji Metro. “Har rami.”

Ashe yana ji in ya so.

“Bara a ina tukwanen suke?” Orest ya tambaye ni.

“Inda suke zama kullum. Ƙarƙashin gadon gaba, daf da wuyan nan da kake magana. Da hannuna na sa su.”

Sai Lorraine ta yi gyaran murya. Tun da aka fara tana tsaye riƙe da igiyar Bruno.

“Mama, ba a can suke ba.”

Na juya.

“Kina ciki kina kulle gida, Garth ya kwashe su ya kai banɗaki, can baya. Ni na riƙe masa ƙofa.”

“Lorraine,” in ji Garth.

“Shekara guda ina jin nauyin abin nan, Garth. Na gaji.”

Abin da na ce mata daga baya tsakanina da ita ne, ba zan rubuta shi a nan ba.

Na tako har gaban Garth. Ya fi ni tsawo da kai biyu, sai da na ɗaga haɓa. “Shekara goma sha ɗaya tukwanena suna gaba suna riƙe maka tirela. Ranar da ka taɓa su muka faɗa rami. Ka dawo gari ka ce ni ce.”

“Gaskiya dai,” Orest ya sa baki, “da suka koma baya su ma sun ɗan ƙara. Ba su ne babba ba, amma sun ƙara.”

“Wa ya tambaye ka?”

“Sikeli nake faɗa miki, Nettie.”

Har yau ban gama yafe masa wannan ba. Mutum ya ga ana cin nasara, sai ya kawo gaskiyar da ba a aike shi ba.

Aka shiga gyara. Garth ya buɗe famfon tanki, ruwa ya malale a tsakar rumbun, Bruno ya samu abin wasa. Itacen duka aka sauke aka jera gefen shinge, Orest ya ce zai ajiye masa har ya dawo. Janareto ya koma ciki, gaban tayoyi. Mutanen Wally ba wanda ya ajiye kofinsa, amma kowa ya ba da shawara. Da aka zo kan tukwanen, Garth ya miƙa hannu zai ɗauka, na ce ya bari. Ni na shigar da su ɗaya bayan ɗaya, na tura su ƙarƙashin gadon gaba, na tokare da bargo.

Orest ya sake aunawa. Tirela ta sauko ƙasa da iyakarta, wuya ya koma ɗari uku da saba'in.

“Shi ke nan, mu tafi,” in ji Garth, yana goge gumi.

“Saura mota,” in ji Orest. “Buɗe ƙofar direba.”

A jikin ƙarfen ƙofar akwai wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa a manne. Shekara shida Garth yana shiga yana fita ta gefenta, ya rantse bai taɓa ganinta ba. Orest ya ce abin da mota ke iya ja daban, abin da take iya ɗauka a kanta daban, kuma takardar nan ita ke faɗin na biyun, mutane da kaya da nauyin wuyan tirela duka a haɗe. An rubuta ɗari shida da arba'in.

Ya zaro fensir daga bayan kunne ya yi lissafi a jikin tikiti. Wuyan tirela da ƙarfen ƙugiya sun cinye ɗari huɗu. A bayan motar akwai injin kwale-kwale da akwatin kayan aiki da wata babbar kula cike da ƙanƙara da giya. Aka ɗora su a ƙaramin sikeli, ɗari da talatin.

“Saura ɗari da goma na mutane,” Orest ya ce. “Garth, hau.”

“In hau ina?”

“Inda tukwane suka hau.”

“Haba Orest.”

“Cire hula, za ta taimaka,” in ji Wally.

Ya hau yana kallon sama. Allura ta yi lilo ta tsaya.

“Ɗari da goma sha takwas.”

Metro ya ajiye kofinsa a kan shinge don ya yi dariya da kyau. Wally ya ce ashe motar tana iya zuwa tafki lafiya lau, in dai ba direba a ciki.

“Takalmin aiki ne a ƙafata,” in ji Garth. Sai ya nuna ni. “To ita ma ta hau mana, tun da aunawa ake yi.”

Na hau. Tamanin da ɗaya. Na faɗa da bakina kafin Orest ya faɗa, na maimaita wa Metro. Ban taɓa jin kunyar abin da na ci da gumina ba. Lorraine ta ce ita ba ta hawa, kowa ya ƙiyasta a zuciyarsa ya yi shiru.

Nan aka gane dalilin da bayan motar yake zama ƙasa tun farko. Mu uku da kare da giya, ga wuyan tirela, duk a kan motar da ba a yi ta don haka ba. Shi kuma maimakon ya rage, sai ya tura nauyi bayan tirela don ido ya ga ta miƙe.

Orest ya ce in aka cire kular, Garth zai iya tuƙa motarsa, shi kaɗai. Lorraine ta koma gida a ƙafa ta ɗauko ƙaramar motarta. Ni da ita da Bruno da kular muka shiga ciki. Kafin mu tashi na tsaya a tagar Garth.

“Saura magana ɗaya.”

Ya dubi mutanen, ya dubi sitiyari. “To, ba tukwanen ne kaɗai ba.”

“Kaɗai?”

“Ai kin ji abin da Orest ya ce.”

Ya tayar da mota ya ja. Na bar shi. Tafiyar awa huɗu ce, ina da lokaci.

Muna bayansa duk hanya, idona a kan gindin tirelar. Manyan motoci uku suka wuce shi, ko motsi ba ta yi ba, tana bin sa kamar 'yar maraƙi. Lorraine ta yi ta ƙoƙarin jan hira, na ce ta kalli titi.

A bakin tafkin ba mu kaɗai ba ne. Gidaje shida daga Vesna suke sauka a wuri ɗaya kowace shekara, kuma ranar farko ni ke soya wa kowa kifi, haka aka saba. Da la'asar maza suka dawo daga ruwa, aka gyara kifi aka tara a babban faranti, mata suka kawo gari da man gyaɗa. Na fito da tukwanena na jera su a kan duwatsun murhu. Sannan na jawo kujerata na zauna, na naɗe hannu.

“Nettie, lafiya?” in ji wata maƙwabciya.

“Lafiya lau. Jira nake.”

“Jiran me?”

“Garth ya sani.”

Minti ashirin muka yi a haka. Yara suka fara zagaya farantin, sauro ya fara sauka. Mutum kusan talatin, kowa da faranti a hannu, duk suka juya suna kallon Garth, shi kuma yana ta ɗaure wata igiya da ba ta kwance ba. Lorraine ta je ta faɗa masa wani abu a kunne. Ya ajiye igiyar, ya zo tsakiya, ya cire hula.

“Jama'a, maganar ramin bara. Ni na yi lodin ba daidai ba. Ni na kwashe tukwanen Baba na kai baya, ban faɗa ba. Na bari aka yi ta yi mata dariya. Ba laifinta ba ne, nawa ne.”

“Tukwanen fa?” na ce.

Ya yi ajiyar zuciya. “Su ma ba laifinsu.”

“Kilo nawa ne?”

“Arba'in da uku.”

“Kai fa?”

“Baba, don Allah.”

Na bar masa wannan. Ba ni da mugunta, abin da na zo nema na samu. Na tashi na ɗaura atamfar girki, na ce a miƙo mini ashana.

Sai a lokacin muka duba ƙarƙashin tukwanen, babu ko tsinke, itacen duk yana can wurin Orest. Garth ya mayar da hularsa, ya karɓi baron maƙwabta, ya nufi rumfar masu gadin daji inda ake ajiye itace. Na ce masa ya zaɓo busasshe, kuma ya ɗora shi kusa da hannun baron.